Ƙi Daban, Tawaye Daban

A Gashuwa na girma, a gidan kakarmu Iya Rahila, ɗaya daga cikin 'yan gidajen Kirista na unguwarmu. Bayan an ci tuwo takan bar garwashi a murhu, mu jikoki mu kewaye ta, tana ɓarar gyaɗa tana yi mana tatsuniya.

Shekarar da hukuma ta toshe magudanar da ke kai ruwa gonakin shinkafarmu, yayana Iliya ya daina zama da mu wurin tatsuniya. Shukarsa tana bushewa, samari kuma sun shirya su fasa toshiyar, su lakaɗa wa maigadin wurin duka. A coci fasto ya yi wa'azi cewa Allah ne ke naɗa masu mulki, dole a bi su. Iliya ya fice tun kafin a tashi.

Da yammar nan Iya ta kira shi ya riƙe mata ƙwaryar gyaɗa. Sai ta kawo labarin wani mai fito a kogi wanda sarki ya hana ƙetaro mutanen waccan gaɓar, don sun ɓata masa rai. Mai fiton bai taɓa saɓa wa sarki ba. Amma da kogi ya cika ya fara cin bukkokinsu, sai ya yini yana kwaso su. Da ya gama bai gudu ba. Ya je fada da ƙafarsa, ya ajiye gorar tuƙinsa, ya zauna jiran hukunci. Sarki ya sa aka farfasa kwalekwalensa.

Iliya ya yi dariya, ya tambaya ina ribar.

"Ni na ce maka ya ci riba, ɗan nan? A'a ya ce wa sarki, bai ɗaga masa hannu ba. Ƙi daban, tawaye daban."

Ya ce ai fasto ba haka ya faɗa ba.

"Faston da aka yaye a gabana? Rabin maganar ya ba ku."

Washegari da hantsi Iliya ya ɗauki shebur, shi kaɗai. Ya gaida maigadin, ya faɗa masa abin da ya zo yi, ya buɗe magudanar, ya zauna a bakinta har 'yan sanda suka zo. Daga baya aka sake toshewa, shinkafarsa ba ta yi ba.

Na girma ina jin wannan gardama a coci. Wasu na cewa biyayya ba ta da sharaɗi, wasu na cewa azzalumi ya zubar da haƙƙinsa. Na daɗe ina ganin Iya tsakiya ta zaɓa don tsoro. Sai da shekaru suka ja na lura ba shinkafar take ƙoƙarin cetowa ba. Maigadin, wani dattijo Babarbare mai iyali, ya koma gida lafiya ran nan. Shi ne ma ya fara kai wa Iliya abinci inda aka tsare shi.