Akushin da Na Sassaƙa wa Maijego

Jama'a, wallahi wannan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ina ɗinki a zaurenmu na unguwar Soron Ɗinki, sassaƙa kuwa sha'awa ce kawai, in ɗinki ya ishe ni sai in ɗauki gizago.

Ƙarshen wata damina na tsinci guntun icce a kwari bayan Ƙofar Ɗan Agundi, baƙi, mai nauyi, na ce wannan ai akushi ne, ga matata Hauwa tana jego. Na sassaƙe shi, na goge, na babbake, na shafe shi da man gyaɗa har yana ƙyalli. Abu ɗaya ya dame ni, ko yaushe na leƙa sai in ga jar ƙasa mai danshi a cikinsa, in share, ta dawo. Duk da haka na ba ta. Tun da ta fara cin tuwo a ciki take cewa ƙasa take taunawa, nonon ya ƙafe, jaririyar tana ta ramewa.

Ran nan bayan azahar, rana tsaka, wani dattijo ya yi sallama a zaure, sanye da farin yadi. Ni fa maɗinki ne, ɗinkin na fara kallo. Innalillahi! Ɗinkin likkafani ne, irin wanda muke yi da sauri.

Ya ce, "Malam, ƙasa tana zubo mini a fuska. A mayar mini da iccena."

Na sunkuya neman takalmi, na ɗago, babu kowa. Sai a lokacin na gane, iccen da na sassaƙa na rufin kabari ne, ruwa ya tono shi.

Na faɗa cikin gida, na fizge akushin daga cinyar Hauwa, na yi maƙabartar da ke kusa da kwarin da gudu. Kaburburan da ruwa ya rufta kuwa sun fi a ƙirga. Wanne ne nasa? Na zaɓi ɗaya, na kife akushin a ramin, na tura ƙasa, na yi addu'a.

Nono ya dawo, yarinya ta rayu, alhamdu lillahi. Amma ranar da ta fara magana, ba ta ce Inna ba, ba ta ce Baba ba. Ta dube ni ta ce, "Ba nan ba ne."

Don Allah, in kun ga icce yashe kusa da maƙabarta, ku wuce abinku.