Randar Kawu Sale da Kwamfutar Ofishin Iri

Ƙarfe biyu da minti goma na rana, wata Talata cikin tsakiyar bazara, kwamfutar ofishin iri ta sandare a gabana. Na danna harafi bai fito ba. Na duba agogo na rubuta lokacin a bayan littafina, don ni haka nake, abin da na kasa faɗa da baki sai in rubuta. Sannan na leƙa taga na kira Kawu Sale a hankali.

Ku da kuka san shi kun san abin da ya fara yi. Bayan hannu! Kawu bai taɓa haɗuwa da abu ba sai ya ɗora masa bayan hannu: tarakta, jariri, tukunyar tuwo, goshin surukinsa. Sai ya ɗaga kai sama ya yanke hukunci: "Ruwa ne." Ya daɗe yana gyaran lagireto a Funtuwa, har ya zama a wurinsa duk duniya lagireto ce. Mutum ya yi fushi a kasuwa, Kawu zai ce ruwansa ne ya ƙone.

Ni ɗiyar yayarsa ce. A ƙarshen shekarun tamanin makarantarmu ta turo ni koyon aiki na wata uku a wani ofishi da ke gwada irin auduga da masara, inda shi yake kanikancin taraktoci. Aikina shi ne in shigar da sakamakon gonakin gwaji na Gozaki da Malumfashi cikin kwamfuta. Tun ranar farko Manaja ya faɗa mini, ko dubana bai yi ba: "Ki gama kafin ruwan shuka in sa miki hannu a takardarki. Ba ki gama ba, ba hannu." Ba hannu kuwa, maimaita shekara ke nan.

Kwamfutar ta zo da 'yar fankarta a ciki, amma fankar ta mutu da shigowar zafi. Na'urar sanyaya ɗakin kuma Manaja ya sa an ciro ta an kai ofishinsa, wai shi ma yana da ƙwaƙwalwa. Kawu ya buɗe bayan injin. Na nuna masa wani ɗan baƙin abu da bai kai kwalin ashana ba, na ce littafin da ya zo da kwamfutar ya ce wannan ce ƙwaƙwalwar, daga nan zafi ke tashi. Ya ɗora yatsa, ya fizge.

"Kai! Malama Shiru, ai nan sai a soya ƙwai. Ruwa ne."

Kwana biyu ya yi yana ƙira. Ya daddaƙe tsoffin kwabbai biyu na jan ƙarfe, waɗanda aka daina karɓa amma shi bai daina ajiyewa ba, suka zama ɗan faranti. Ya liƙa farantin a bututun wani mataccen firji, ya ɗora a kan ƙwaƙwalwar. Ya ciro famfon fetur na wata akori-kura da ta rasu tun ina firamare, ya haɗa da batirin tarakta. Tiyo biyu suka fita ta taga zuwa wata randa a bayan ofis, a inuwar mangwaron da maza ke salla: ɗaya ya jawo ruwa mai sanyi, ɗaya ya mayar.

Tiyon nan shi kaɗai ne abin da ya saya, kuma ina wurin. Shagon Chidi mai kayan gyara muka je, wanda a Funtuwa aka haife shi, ya fi ni iya zagi da Hausa.

"Kawu, kamu shida za ka saya."

"Biyar."

"Ba zai kai gindin randa ba."

"Wa ya ce maka gindin nake nema? Ruwan bakin randa da na gindinta duk ruwa ne."

Chidi ya yanka yana girgiza kai. "Wallahi Kawu, ko likkafani ne sai ka ce a rage kamu ɗaya."

"In gawar gajera ce fa?"

Abin haushi, injin ya yi aiki! Mako guda famfo na tik, tik, tik, kwamfuta sanyi ƙalau. Kawu ya rubuta a jikin randa da gawayi: RUWAN INJI, HARAMUN. Kullum da safe mai garuwa ya cika ta. Manaja ya dinga kawo baƙi yana cewa, "Dabarar da na ba su ce."

Sai Talatar nan. Daga ita kuma kullum: Laraba biyu da minti goma, Alhamis biyu da sha biyu. Duk abin da ban adana a faifai ba ya tafi, injin kuma ba ya sake zama lafiya sai gobe da safe. Rabin yini nake asara, ga gajimare ya fara leƙowa ta gabas. A makon ne kuma famfon ruwan sha na ofis ya ƙafe, maza suka koma tsallaka titi da layin dogo zuwa rijiyar wani masallaci don alwala.

Kawu ya fara farautar mai laifi. Ranar farko ya ce iska ce ta shiga tiyo. Ya cire ya zuƙa da baki har idanunsa suka fito, sai ruwa ya zo masa gaba ɗaya, ya fesar a kan takalmin Manaja da ya shigo dubawa.

"Ranka ya daɗe, ka ga ta fita."

Ba ta fita ba. Rana ta biyu ya ce farantin ne bai zauna daidai ba, akwai rata tsakaninsa da ƙwaƙwalwar. A nan fa ya yi gaskiya, littafin ma ya ce ana shafa wani mai na musamman. Na ce a aika Kaduna a sayo. Ya dube ni kamar na ce a sayo jirgi.

"Mai? Muna da mai a gida."

Man kaɗanyar Inna Rakiya, matarsa, ya sato. Da rana ta take sai ofis ya ɗauki ƙamshin ɗakin mai jego, tururuwa suka yi layi ta tiyo suka shigo gaisuwa. Yini guda na yi ina tsince su da tsinken tsintsiya. Biyu da minti goma, tsit.

Sai ya juyo kaina. Ya ja kujera ya zauna yana kallon yatsuna.

"Na gano. Ke ce. Kina tuƙa shi a giya ta huɗu, ga hawa. Yi masa a hankali mana!"

Na yi ta bugawa da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba. Biyu da minti goma, tsit. Na ce cikin ƙaramar murya, "Kawu, ko a duba randar?"

"Randa? Randa ba ta taɓa cutar kowa ba. Kakarki a randa ta sha ruwa har ta ga tattaɓa-kunne."

Ranar Manaja ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yarinya, ina jin sai baɗi ke nan." Ya tafi. Ban yi kuka a gabansa ba, bayan gida na shiga.

Tun ranar Laraba na aro ma'aunin zafi wurin wata ƙawata da ke aikin jinya, na ɗaure shi da zare a jikin bututu. Kowane minti biyar ina rubuta zafi, da duk abin da kunnena ya ji. Ban iya gardama ba, don haka na buɗe littafina na ajiye a gaban Kawu. Ya bi da yatsa yana karantawa a fili, yana kwaikwayon muryata.

"Biyu saura kwata, sanyi. Biyu saura goma, sandar Kawu ta wuce bayan taga." Kun san tun da garma ta faɗo masa a ƙafa yake dogara sanda. "Biyu saura biyar, famfo ya ƙara sauri. Biyu daidai, an tayar da salla, zafi na hawa..."

Ya juya shafi. Haka. Ya sake juyawa. Haka. Muryar kwaikwayon ta ɓace. Ya rufe littafin, ya ɗora mini bayan hannu a goshi.

"Kin cika rubutu," in ji shi. Ya fita.

Washegari biyu da minti goma ta zo ta wuce. Tik, tik, tik. Uku ta yi, huɗu ta yi. Haka har na gama, saura kwana uku a yi ruwan farko. Manaja ya sa hannu yana cewa shi dama ya san zan iya. Ni da na rubuta komai ban karanta komai ba. Na tambayi Kawu me ya gyara.

"Magana na yi masa."

Shekara da shekaru ina tambaya. Ranar bikina ya ce sirrin sana'a ne. Ranar sunan ɗana na fari ya ce in kawo kuɗin koyo. Yana kwance a asibiti, da na ɗora masa bayan hannu a goshi, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ruwa ne," ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya yi ta wahalar sanyaya na wasu.

Bayan sadakar bakwai, mutane sun ragu, na zauna kusa da Inna Rakiya muna tsince shinkafa. Na ce, "Inna, don Allah me ya yi wa injin nan?"

Ta ajiye faifan shinkafar, ta yi dariya har da hawaye.

"Au, bai taɓa faɗa miki ba? Shi ne ɓarawon! Da famfo ya ƙafe, ƙafa ta hana shi zuwa rijiya, sai ya dinga ɗibar buta biyu a randar da ya rubuta wa haramun. Ruwa ya sauka, guntun tiyonsa ya koma shan iska. Ya dawo gida ranar ya ce, 'Rakiya, na kusa cinye wa yarinyar nan shekara.' Na ce to ka ƙara tiyo kamu ɗaya mana. Ya ce tiyo na Chidi ne, ƙafa kuwa tasa ce. Daga ranar har kika gama, kullum sai ya tsallaka layin dogo da sandar nan cikin rana. Da yamma ni nake gasa masa ƙafar."