Ban Gaya Musu Ba Na Cin Riɗi Ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Waɗanda suka yi ta turo saƙo, ku yafe ni, kunya ce ta hana ni amsawa.

Bara abin ya fara. Duk lokacin da na ci ful da tahina, wato wake da markaɗaɗɗen riɗi, sai leɓena ya kama ƙaiƙayi, wuyana ya feso da ƙuraje. Wata likita a Aziziyya ta yi min gwajin jini da na fata, ta ce jikina ya daina karɓar riɗi. Ta rubuta min allurar gaggawa, ta ce kada ta bar jakata.

Da hutun makaranta ya zo, mijina, Abu Hanan, ya nemo mana wani wurin shaƙatawa a bakin teku, mai masauki da lilo da jirgin wasan yara. Suna da tsarin da ake biya gaba ɗaya, kwana da abinci sau uku. Ya tambaye ni ko abincin zai yi min. Na ga yadda yara ke tsalle, na ce shi ke nan, ya biya kawai.

Ban kira wurin na tambaya ba. Da muka isa ma ban gaya wa masu abincin ba, don kada a ce matar nan ta cika tsirfa. Allurar kuma na bar ta a ɗaki cikin akwati.

Abincin a jere yake, kowa ya ɗiba. Ludayi ɗaya ke shiga kwano uku. Hanan, 'yata mai shekara tara, ta ce in zauna in huta, ta ɗebo min shinkafa da kaza. Loma kaɗan na yi, harshena ya cika bakina. Numfashi ya ƙi.

A asibiti na farka, da bututu a maƙogwaro. Aman da na yi ya shiga huhuna, sai zazzaɓi ya biyo baya. Kowace safiya a ɗebi jini, a ɗauki hoton ƙirji. Inshorar lafiyarmu ba ta biya duka ba, kuma har yau Abu Hanan ya ƙi gaya min abin da ya cika.

Likita ya ce min, "Ya 'yar'uwa, da motar asibiti ta ƙara makara kaɗan, da ba ke nake yi wa magana ba."

Na tsorata, amma ba wannan ya fi yi min ciwo ba. Mahaifiyata ta gaya min Hanan ta daina cin abinci. Idan aka kawo ta dubiya, ba ta wuce bakin ƙofa.

Ranar da aka sallame ni ta ce, "Ummi, ni na ba ki."

Na rungume ta, na ce ba ita ba ce, ni ce na yi shiru. Ta ɗaga kai kawai. Har yanzu ko ruwa za ta miƙo min sai ta fara tambayar babanta.

Alhamdulillah, na warke, na koma aiki. Allah Ya saka wa ma'aikatan jinya da 'yan'uwanmu na Waziriyya da suka riƙe min yara.

Idan akwai mai ƙayyadadden abinci a gidanku, kada ku biya irin wannan tsarin sai kun yi magana da mai dafa abincin da kansa. In ba za su dafa muku daban ba, ku kama ɗaki kawai, ku taho da naku. Maganinku ya kasance a jikinku. Kuma ku buɗe baki ku faɗa, ko za a kalle ku. Kallon minti ɗaya na guda, 'yata ke biya.