Yarinyar da Dada Ba Ta Faɗin Sunanta

Damina ce mai yawan ruwa, shekarar da gero ya kwanta a gonaki, manya suka rage fara'a. Mu yara a Morai ba ruwanmu. Da an yi magariba sai mu cika ɗakin kakarmu Dada, tana gasa masara a murhu, ruwa na dukan jinka.

"Ga ta ta iso, ku gyara zama," in ji ta.

Tatsuniyarta ba kai ba gindi. Wai akwai garin da kaji ke kiwon mutane, turmi ke daka taɓarya, gulbi kuma ba ya riƙe kayan kowa. Kullum da safe sai ya zo ƙofar gida ya yi sallama, ya mayar da ludayi, ya mayar da takalmi. Wata rana wata yarinya ta je wanke kwanoni, ya tafi da ita. Kifaye suka yi mata kitso, kada ya yi mata lalle. Washegari sai ga gulbi da ita a kafaɗa, yana ba uwarta haƙuri.

Mukan yi dariya har da birgima. Yayana Sani ya ce, "Ke tsohuwar matata, wannan ƙarya ta yi yawa! Mi as sunan yarinyar?"

"Angona marowaci, ko goro ba ka kawo min ba, kana biɗar suna? Yarinya dai."

Sai ta juya masara, ta ce hayaƙi ya shigar mata ido.

Dada ta rasu, na yi aure, na haihu. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Mafara, malamarmu ta ba mu labarin wani Bature na zamanin da, wanda ya rubuta wa yara littafin shirme, amma in an duba, rayuwarsa ce a ciki. Ranar ban gane komai a allo ba. Ana tashi na wuce wurin mahaifiyata.

"Inna, Dada ta taɓa rasa ɗiya?"

Ta daɗe tana tsince shinkafa.

"'Yar farinta. Kwanoni ta kai gulbi. Kwanonin aka samu."

"Sunanta fa?"

"Ni bayanta aka haife ni. Kin san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Da yarinyar ta rasu, kowa ya kama baki don kar a tayar wa Dada da hankali. Wallahi ban taɓa ji ba. Sai dai Kawu Audu na Faru, ƙanen Dada. Shi ma yana kwance."

Ashe duk dariyar nan da muka yi, wata uwa ce ke karɓo ɗiyarta daga ruwa, kowane dare, a gabanmu. Ba gawa, ba kabari, sunan ma yana bakin tsoho guda.

Da asuba na hau mashin zuwa Faru. Na tambayi Kawu sunan 'yar farin Dada. Ya dube ni ya daɗe, ya ɗauka Dada ce.

"Yaya, kin manta ne? Ai Rabi."

A hanyar dawowa na ce mai mashin ya tsaya a bakin gulbi. Na sauka har ruwa ya taɓa ƙafata, na kira ta.