Sista Gem da Masu Hannu Ɗaya

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a sashen wankin ƙoda, kuma duk faɗin asibitin ba mai kiranta da sunan yanka. Sista Gem suke ce mata. Ta haura arba'in, ga 'ya'ya ga ciwon baya, amma in ka zazzage jakarta, tsakanin safar hannu da abin awon jini sai ka tsinci wata 'yar na'urar wasa mai maɓallai wadda ba ta fi tafin hannu ba.

Abin ya samo asali tun muna yara. Babanmu ya dawo daga wata tafiya da na'urar gem mai cin kaset, irin wadda ake jona wa talabijin. Kafin a gama buɗe kwalin, babban wanmu ya riga ya naɗa kansa mai ita. Hannu biyu gare ta, wato abin riƙewa da ake dannawa. Da Yaya ta dame shi da naci, sai ya miƙa mata na biyun, ya tura bakin wayar ƙarƙashin kujera ba tare da ya jona ba. Ta daɗe tana dannawa iya ƙarfinta, tana murna wai ita ke tsallake ramuka. Asirin ya tonu ne ranar da ta ajiye hannun ta je shan ruwa, ta dawo ta tarar ɗan mutumin cikin wasan yana ta tsalle abinsa ba da taimakon kowa ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba. Jira ta yi sai wanmu ya fita ƙwallo, ta koyi jona wayoyin da kanta, ta koyi hura kaset idan ya ƙi tashi. Ni ce mai gadin ƙofa. Ba a yi nisa ba ta ce wa wanmu ya jona mata su kara, a gaban abokansa kuwa, ta lallasa shi har sai da ɗaya daga cikinsu ya faɗi ƙasa don dariya. Tun daga ranar wanmu ya yanke hukunci cewa gem wasan yara ne.

Da ta yi aure, na'urar da kwalin kaset suka bi ta. Mijinta malamin lissafi ne, mutum mai sanyin hali da son zolaya. Yakan ce shi dai bai san da wa ya yi takara ba sai da kwalin nan ya shigo gidansa. Wata rana da rana tsaka aka kawo wuta da ƙarfi, na'urar ta yi wata 'yar ƙara, ɗakin ya ɗauki ƙauri. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya ce irin waɗannan kayan an daina yin su tun yana koyon aiki. Yaya ta ɗora kwalin kan wardirob, haihuwa da aikin asibiti suka sha kanta, shekaru suka shige.

A wayarta ta ci karo da wani zauren intanet na masu son tsofaffin wasanni. A nan ta fara jin kalmar emuleta, wata manhaja da ke sa sabuwar na'ura ta kwaikwayi tsohuwa har wasan ya ɗauka a gidansu yake. Suka nuna mata wani ɗan abu da ake cusa wa kaset ya kwafe abin da ke ciki zuwa katin memori. Ina gidan ranar da ta gwada. Kiɗan farkon wasan nan na yarintarmu ya fito daga wayar, siriri kamar kukan sauro mai waƙa, sai ga babbar mace ta toshe baki da hannu, idonta ya cika.

Amma gilashin waya bai yi mata ba. Ta ce danna abin da ba ka jin tudunsa kamar cin abinci ne da safar hannu. Don haka ta sayi 'yar na'urar nan ta hannu, ta wani ƙaramin kamfani da ba wanda ya san shi, irin wadda aka bari a buɗe: ka sa abin da kake so, ka cire abin da ba ka so.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin wankin ƙoda ba, bai san tsawon wuni ba. Gadaje ne a jere, kowane da injinsa yana ta gurnani a hankali. Mara lafiya zai miƙe hannu ɗaya, a soka masa allurai, jini ya bi bututu ya shiga inji ya dawo, kuma hannun nan ba ya motsi har a gama. Awanni ake ɗauka, sau da yawa a mako, wata bayan wata. Yaya takan ce ba allurar ke karya mutane ba, kallon silin ne.

A cikin masu zuwa akwai wani dattijo da ake kira Baba Direba. Manyan motoci ya tuƙa tun yana saurayi, zama wuri ɗaya bai taɓa zama sana'arsa ba. Sai ya fara tsallake ranakunsa. In ya ɓace kwana biyu, 'yarsa ta kawo shi ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama.

"Baba, me ya hana ka zuwa?" Yaya ta tambaye shi tana gyara masa matashi.

"'Yata, ni da na saba hanya ke gudu a ƙarƙashina, yanzu ni ke kwance inji na gudu. Wannan ai ba rayuwa ba ce, fakin ne."

Ranar, lokacin hutunta, ta zauna a kujerar kusa da ƙofa ta ciro 'yar na'urarta. Tseren mota take bugawa. Baba Direba ya kasa kunne, ya ɗago kai.

"Wace mota ce wannan take kuka haka ba a canza mata giya?"

Ta matso ta nuna masa. Ya miƙo hannun da ba allura, ya riƙe, sai kuma ya tsaya. Sitiyari yana hagu, totur yana dama, shi kuwa hannu ɗaya gare shi. Ya mayar mata, ya juya fuska bango.

Abin ya tsaya mata a rai. Da ta koma gida ta shiga cikin saitin emuletar, ta kwaso aikin maɓallan duka ta tara su gefe guda, yadda babban yatsa zai juya mota, manuni ya taka totur. Mijinta ya sassaƙa mata wani ɗan katako mai tsagi da za a kafa na'urar a kan teburin gado. Sai da ta nemi izinin Metiron, shugabar masu jinya, wadda ta juya abin a hannu kamar an ba ta kunama. Metiron ta ce a sa shi cikin leda, a goge da sifirit bayan kowane mutum. Likita kuma ya ce shi sharaɗinsa ɗaya ne, hannun allura kada ya motsa.

Baba Direba ya karɓi motar. Sauran motocin suka wuce fuu, shi kuwa ya kama gefensa, yana rage gudu a kowace kwana, yana yi wa masu wuce shi faɗa.

"Dubi wannan ɗan banzan! Wa ya ba shi lasin?"

Shi ya zo na ƙarshe. Ya dubi Yaya da fuskar wanda ya sauke kaya lafiya ya ce, "Ko ƙwarzane babu. Je ki duba nasu." Da injin ya yi ƙarar gamawa, cewa ya yi ai yanzu aka fara.

Daga nan masu gadajen kusa suka fara leƙe, na'ura ɗaya ta kasa isa. Mijin Yaya, da niyyar ba ta mamaki, ya je ya sayo mata sabuwar na'urar hannu ta wani babban kamfani, wadda ake ta yayi a lokacin. Kyau kam ba a magana, hoton ciki kamar ka sa hannu ka ɗauko. Sai dai a kulle take. Ba ta karɓar wasannin da Yaya ta kwafa daga kasetunta, ba ta yarda a tara maɓallai gefe guda yadda ake bukata, kuma kowane motsi sai ta nemi intanet. 'Yan zauren suka ce akwai hanyar fasa kullen. Yaya ta bi bayanin daki-daki, ana tsakiyar aikin batir ya mutu. Da aka sake kunnawa, baƙin gilashi kawai. A yaren 'yan gem, ta zama bulo.

Na same ta a kicin tana share hawaye da bayan hannu. Ba na'urar ce ta dame ta ba, kyautar mijinta ce ta kashe da hannunta. Shi kuwa ya ɗauki abin, ya auna nauyinsa, ya ɗora kan takardun jarrabawar ɗalibansa.

"Madalla," in ji shi. "Duk makarantarmu ba mai abin danne takarda irin nawa."

Tun daga nan ra'ayinta ya kafu kan na'urorin da kamfanoni ke kullewa, kuma duk wanda ya taɓo zancen sai ya sha bayani. Wanmu, wanda yanzu ya yi tumbi yana sayar da kayan gini, shi ne abokin gardamarta.

"Ke ma kin san dalili," yakan ce. "In suka bar ƙofa a buɗe, ɓarayi za su kwashe sababbin wasanni kyauta. Waɗanda suka yi wasan da me za su ci?"

Ita kuma takan amsa, "Ban ce ƙarya kake ba. Wanda ya fasa na'ura don ya saci sabon wasa, ɓarawo ne, ba ruwana da shi. Amma don ana sata a unguwa, sai magini ya gina maka gida ya tafi da makullin ɗakinka? Abin da ka saya ba ka da ikon buɗe shi, haya kake, ba ka sani ba ne kawai."

Takan ƙara da cewa masu ƙera waɗannan abubuwa mutum mai hannu biyu da ido biyu suke hangowa, kuma ba ta ga laifinsu ba, ba su taɓa kwana a ɗakinta ba. Abin da take roƙo kawai su bar wa wanda bai dace da awonsu ba hanyar gyara wa kansa. Idan aka fito da sabuwar na'ura, ba ta tambayar kyan hotonta. Tambayarta ita ce, da noti aka ɗaure ta ko da gam? Ana canza batir? Za ta bar ni in juya maɓallai?

Da ta ba da labarin bulon a zauren, ta faɗi kuma abin da take yi da na'urorin, sai ga saƙonni. Mutanen da ba ta taɓa gani ba suka aiko da tsofaffin na'urorinsu na hannu da suka gaji da su, wata da tsagaggen murfi, wata maɓalli ɗaya ya lotsa. Teburin cin abincinta ya koma wurin gyara.

Mutum ɗaya ce a ɗakin ta ƙi taɓawa. Malama ake ce mata, tsohuwar shugabar makaranta, gadonta na maƙwabtaka da na Baba Direba. Takan leƙo ta saman tabarau ta ce, "Tsofai-tsofai da ku. Da a makarantata ne da na ƙwace."

Sai Baba Direba ya gaji da tsere ya koma wani wasan jirgin yaƙi, wanda dole a tuƙa kuma a yi harbi lokaci guda. Wannan kam yatsun hannu ɗaya ba za su iya ba, duk dabarar Yaya. Sai ta jona ƙaramin hannu na biyu, ta raba aikin: tuƙi a ɗaya, harbi a ɗaya. Saura maharbi.

"Malama, taimaka ki danna mini wannan jan," in ji Baba Direba. "Dannawa kawai, ba sai da ilimi ba."

"Kai ne za ka gaya mini abin da ke bukatar ilimi?" Ta fizge hannun.

Ashe tsohuwar nan ido gare ta kamar shaho. Ba a jima ba ɗakin ya cika da muryoyinsu.

"Hagu, Direba, hagu na ce! Wai haka ka yi ta tuƙa mutane?"

"Kaya nake ɗauka, Malama, kaya ba sa surutu!"

Har Metiron ta leƙo ta ce a rage murya, sannan ta tsaya a bakin ƙofa ta ga ƙarshen yaƙin. Daga baya su biyun suka roƙi a haɗa musu ranaku. Baba Direba bai sake tsallake wanki ba. In an yaba wa Yaya sai ta ce gem bai taɓa wanke ƙodar kowa ba, mutumin dai ya san in bai zo ba akwai wadda za ta zauna da bindiga ba direba.

Ba kowane labarin ɗakin ne ke daɗi ba. Akwai wata matashiyar tela da ta ƙware a wasan jera tubala, ta kafa makin da ba wanda ya kamo, kuma ba ta kai ƙarshen shekarar ba. Yaya ta kwafe katin memorin ta ajiye, ta ce ko na'urar ta lalace makin yarinyar ba zai goge ba.

Bara aka yi wa Baba Direba dashen ƙoda, 'yarsa ce ta ba shi. Ya warke, ya yi ƙiba, ba shi da sauran hulɗa da inji. Kwanaki na je kai wa Yaya saƙo wurin aiki, sai na gan shi zaune kan kujerar roba kusa da gadon Malama, da takunkumi a fuska kamar yadda likita ya umarce shi, hannunsa biyu lafiya lau. An samo sabuwar na'ura mai faɗin gilashi, daga cikin buɗaɗɗun da suka fito kwanan nan, Yaya ta gama saita ta kenan tana goge ledar da sifirit.

"Baba, yanzu ai kai kaɗai za ka iya tuƙi da harbi," na ce masa.

"Ni? Rufa mini asiri, 'yata. Na gwada a gida, ko minti ban yi ba aka kakkaɓo ni."

Malama ta gyara tabarau, ta miƙa wa Yaya hannun da ba allura.

"Sista, ba ni abina. Kai kuma ka makara, kuma yau in ka sake kai mu cikin duwatsun nan, sai ka kawo mahaifinka."