Darasin da Baffa Ya Ɗauka a Panyu

A shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik ina Guangzhou ina karatun digiri na biyu a fannin noma. Shinkafa nake nazari, yadda za a ƙara abin da gona ke bayarwa. A lokacin abin da nake gani ya tafi da hankalina: gonaki a jere kamar an ja su da zare, ruwa yana zuwa a kan kari, taki ma haka. Na sha faɗa wa 'yan kasuwar Maraɗi da muke haɗuwa ran Juma'a cewa tsari kaɗai ya rage mana a gida.

Ana cikin zafin nan mai ɗanko na damina Baffa ya iso. Ƙanen mahaifina ne, shi ke riƙe da al'amuran gidanmu tun rasuwar Baba, kuma babban dillalin riɗi ne a yankinmu. Ya sha wuya kafin ya samu biza, domin a shekarar an tsaurara komai saboda wasannin. Ƙananan taraktoci na hannu ya zo saye, irin waɗanda mutum ke bi a baya yana riƙe da ƙaho biyu kamar garmar shanu. Ni ne tafintansa.

Masana'antar tana Panyu, wani yanki a gefen Guangzhou. Mai ita mace ce da ta manyanta, gajeriya, ba ta da yawan dariya. Laoban muke ce mata, kamar yadda ake kiran duk mai shago a can. Baffa ya nuna irin injin da yake so, ta girgiza kai ta ce, "Meiyo," wato babu, sai dai mu jira a fito da wani a gwada mana. Muna jira a tsakar masana'antar na hango wani tsohon Bature tsugune gaban wata tarakta, ya tura hannu cikin cikinta har gwiwar hannu, farar rigarsa duk baƙin mai. Hannayensa ne suka fara ba ni mamaki. Kaushinsu da faɗinsu irin na kakana ne.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, Laoban ta tattara mu duka a ofishinta ta zuba mana shayi a 'yan kofunan nan nasu. Nan muka san Baturen daga Poland yake, yana da shagon kayan gyaran injinan noma a wani ƙaramin gari. Turancinsa a karye yake amma ana ganewa. Na zama ina juya magana gida uku: Turanci da shi, Hausa da Baffa, Sinanci da Laoban.

Baffa ya ce, "Tambaye shi, me Bature zai yi da wannan abin wasan? Ai su manyan injina gare su."

Tsohon ya yi murmushi. Ya ce har ya girma ya yi aure, mahaifinsa da doki yake noma.

Na ɗauka ban ji daidai ba, na sake tambaya. Ya ce doki, mai ƙafa huɗu. Ya ce yana yaro gwamnatinsu ta kwaminisanci ta tashi haiƙan sai ta ƙara amfanin gona a ƙasar. A babban birni ake zama a tsara abin da kowane yanki zai fitar, a raba wa gundumomi, a raba wa ƙauyuka, har ya sauko kan kowane gida: hatsi kaza, dankali kaza, madara da nama kaza, a kai wa gwamnati a kan farashin da ita ta yanka, wanda bai kai wahalar noman ba. Ana kuma matsa wa manoma su haɗe gonakinsu su zama gandu ɗaya. Wanda ya yarda a kawo masa tarakta da taki. Wanda ya ƙi, ya zauna da dokinsa.

"Mahaifina ya ƙi," in ji shi. "Dawaki biyu gare mu, gonarmu kuma ta ɗan fi ta maƙwabta. Sai aka ce shi mai arziki ne, maƙiyin talakawa. Gwargwadon girman gonarka, gwargwadon nauyin da za a ɗora maka. Sai ya sayar da doki ɗaya, ya bar wani yanki na gonar ciyawa ta cinye. Da gangan. Manomi ne da ya iya noma, amma ya koyi ya zama kamar wanda bai iya ba."

Na daɗe ban fassara wannan ba. Ni da nake kwana ina tashi da tunanin yadda za a ƙara buhu ɗaya a gona, ga mutum yana gaya mini ubansa ya zauna ya yi dabarar rage nasa. Sai da Baffa ya taɓa ni na dawo hayyacina.

Tsohon ya ci gaba. Wata shekara aka ce kowa ya shuka masara, domin an ji ta yi kyau a wata ƙasa. A yankinsu sanyi yana saurin sauka, ya kama ta tun ba ta nuna ba, ta zube a gona baƙi ƙirin. Amma kason hatsin da aka yanka musu yana nan. Mahaifinsa ya tafi kasuwa ya sayi hatsi da tsada ya kai wa gwamnati da araha, duk da haka bai cika ba. Aka zo aka tafi da shi, ya yi watanni a tsare. Dokin da ya rage ya yi ciwon ƙafa ana gab da shuka.

"To wa ya yi noman?" na tambaya.

"Ni da mahaifiyata. Ta ɗaura igiya a ƙirjinta ta ja, ni ina danna ƙarfen garmar a baya."

Na kalli Baffa ina jiran in ji ya yi salati. Ban ga alamar haka ba. Ya gyara zama, ya ajiye kofinsa, idonsa yana ƙyalli irin na ranar da ya samu riɗi da sauƙi.

Ya ce, "Ɗana, tambaye shi da kyau. Wannan kason, kafin shuka ake yanka shi ko bayan an ga yabanya?"

Na tambaya. Kafin shuka.

"Madalla. In mutum ya kasa cikawa, gonar ake karɓa ko ɗauri kawai?"

Na ce, "Baffa, me ya kawo wannan tambayar?"

Ya dube ni kamar na yi wauta. "To me kake tsammani zan yi da injinan nan? Sadaka? Manomanmu kowa da ɗan tsiririn gonarsa, wannan gero, wancan wake, wancan gyaɗa. Ni zan sa su haɗe, a ja inji daga wannan baki zuwa wancan, a shuka riɗi zalla. Kowane gida in yanka masa buhunan da zai kawo mini. Wanda ya kasa, gonar ta zauna a hannuna. Na yi magana da mai gari. Ashe Turawa sun riga mu. Kuskurensu ɗaya, sun bar wa mutane zaɓi."

Baturen yana kallon bakunanmu, ya tambaye ni abin da dattijon ya ce. Zan iya ce masa yana jajanta masa ne. Na yi tunanin hakan, amma bakina ya riga ni, na faɗa masa komai yadda yake.

Bai ɗaga murya ba. Fuskarsa ta yi ja har zuwa kunnuwa, ya miƙe ya je bakin taga ya tsaya yana kallon ruwan. Can ya juyo ya ce, "Gaya masa bayan 'yan shekaru gwamnatin ta sassauta, gandayen haɗakar nan suka watse kusan gaba ɗaya, kowa ya ja saniyarsa ya koma gida. Gaya masa kuma mahaifiyata ba ta ƙara miƙewa sosai ba har ta mutu."

Na gaya wa Baffa. Ya ce, "Allah ya ji ƙan musulmi. Ai gwamnati ba ta iya kasuwanci ba, shi ya sa."

Laoban ta ga yanayin ofishin ya canza, ta tambaye ni da Sinanci. Na taƙaita mata. Ta shiga goge teburin da ba shi da datti. Sannan ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, ita ma a ƙauye aka haife ta, can arewa da nan. Kafin haihuwarta an yi wata shekara da shugabannin ƙauyensu suka aika sama cewa an samu amfanin da ba a taɓa samu ba, aka zo aka kwashe hatsi daidai da abin da suka faɗa, aka bar ƙauye da yunwa. Ta ce tana da yayye biyu da ba ta taɓa gani ba.

Na buɗe baki zan yi tambaya, ta ɗaga hannu. "Inji nake sayarwa," in ji ta. "Ruwa ya tsaya, ku zo a gwada."

Shekara biyu ina ƙasar, ina shiga gonakin gwaji, ina cin abinci da malamaina, ba wanda ya taɓa ɗaga mini wannan zancen. Muka fita, aka tayar da injin, ya yi ta tatata yana yayyaga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baffa ya riƙe ƙahonsa yana dariya. Baturen ya yi mini sallama da hannu, bai kalli Baffa ba. Ban sake ganinsa ba.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa muna komawa Liwan inda Baffa ya sauka, talabijin ɗin cikin tarago yana ta nuna 'yan tsere da tutoci. Na ce, "Baffa, wa zai yarda ya fara ba da gonarsa?"

"Ai daga gida ake farawa," in ji shi. "Gonar babanku tana tsakiya, dole inji ya ratsa ta. In mutane suka ga ta ɗan'uwana ta shiga, wa zai yi musu?"

Gonar nan ita Inna ke nomawa da ƙannena. Geronta muke ci daga kaka zuwa kaka.

Na ce, "Inna ta sani?"

"Za ta sani."

Ban taɓa yi wa Baffa musu ba, shi ya biya mini kuɗin jirgin zuwa China. Amma na ji kaina ina cewa, "Baffa, a yi haƙuri, ban yarda ba. Ina da gado a gonar nan, ban kuma yarda ba." Wata tsohuwa da ke zaune kusa da mu ta ɗago ta dube mu. Baffa ya mayar da idonsa kan talabijin har muka sauka. Sauran kwanakinsa wani ɗan Yamai ya nema ya riƙa yi masa tafinta.

Washegari da la'asar na kira Inna. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da labarin matar da ta ja garma da ƙirjinta. Ta yi salati ta nanata. Ta ce, "Baturiya? Da igiya?" Sannan ta ce kada in damu, za ta kai maganar gaban yayar Baba, wadda Baffa ke shakka fiye da kowa a duniya.

Kwantenar injinan ta daɗe a tashar jiragen ruwa ta Nansha saboda binciken da aka ƙara a watannin nan, ba ta isa gida ba sai bayan an yi girbi. Kafin nan zance ya zaga ƙauye, kowa ya ji abin da ake shirin yi da gonarsa. Da damina ta kewayo gidaje kaɗan ne suka shiga tsarin Baffa, waɗanda dama ba su da yadda za su yi da shi. Biyu daga cikinsu sun rasa gonakinsu a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, kuma har yau gonakin suna hannun 'ya'yansa. Sauran injinan ya koma bayar da su haya, wuni-wuni, har Inna ta taɓa ɗaukar ɗaya ta yi huɗar geronta.

Ni da Baffa sai da muka shekara uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar sunan ɗiyata ta fari ya zo da rago, ya zauna a zaure, ya tambaye ni farashin taki a China.