Kwallin da Inna ta niƙa

Shekarun baya, da na haifi 'yata ta uku, mahaifiyata ta zo daga Roni ta zauna da ni a Kazaure don wankan jego. Haihuwar ta zo mini da wuya, ko tsintsiya ba na iya ɗagawa, sai Inna ta karɓe gidan gaba ɗaya, daga ruwan wanka har kunun kanwa.

Maigidana malamin ilimin duwatsu ne, yana da kabad a falo cike da su. A ciki akwai wani ɗan mitsitsi a kwalba, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ruwan toka mai sheƙi. Malaminsa ne ya ba shi lokacin da ya je karatu Turai. Sunan dutsen har yau bakina bai iya ba. Ya taɓa ce mini akwai tagulla da azurfa a cikinsa, kuma wuraren da ake samunsa a duniya kaɗan ne. Ni dai azurfar kawai na riƙe.

Bayan suna, wata safiya ya ɗauki jaririyar kafin ya fita aiki, ya ce kwallin ya yi mata kyau. Inna ta amsa daga tsakar gida, "Ai nawa ya ƙare, sai na ga kuna da ɗanye a kwalba na niƙa. Ba shi ma da baƙi sosai."

Ya miƙo mini yarinyar, ya je ya buɗe kabad, ya ɗauko kwalbar ya duba. Sannan ya fita ya durƙusa a gaban Inna.

"Inna, tun yaushe ake sa mata?"

"Tun shekaranjiya. Ni ma na sa. Lafiya?"

A lokacin na ji sauran abin da dutsen ya ƙunsa. Bayan tagulla da azurfa akwai siliniyam, akwai kuma taliyam, gubar da a da ake haɗa maganin ɓera da ita.

Muka wanke idon jaririyar, muka tari Keke Napep sai asibiti. Likita ya duba ta ya ce bai ga komai ba, amma gwajin wannan gubar sai Kano. A Kano aka ɗebi jinin jika da kaka, aka ce su ma aikawa za su yi, mu jira. Kafin nan mu lura da amai, da kasala, da zubar gashi. Likitan can ya ƙara da cewa ko kwallin kasuwa bai dace da idon jariri ba.

Zubar gashi a kan da wanzami ya aske ranar suna! Haka muke zama muna leƙen ƙwaryar kanta kamar masu jiran tsiro. Ni ce ma gashina ya yi ta cika mataji, na yi kuka na ƙoshi kafin wata nas ta ce mini duk mai jego haka take.

Makonnin nan sun gajiyar da ni fiye da naƙudar. Ga zirga-zirgar Kano da ɗanyen jiki, kullum a ce sakamako bai iso ba. Ga 'yan barka, kowa da maganin da zai ba mu. Maigidana bai ɗaga wa kowa murya ba, cewa yake laifinsa ne da bai sa makulli ba. Inna kuwa ta daina hira. Ko tumbiɗi yarinyar ta yi, sai Inna ta taso da sauri ta duba ta. Na ce mata, "Inna, ki ci abinci mana, ƙaddara ce." Ta ce, "Taimako na zo yi miki."

Daga ƙarshe sakamako ya fito, su biyun lafiya lau. Na zaci zan yi tsalle. Alhamdu lillahi kawai na ce, na jingina da bangon asibitin, barci ya ɗauke ni a zaune.

Yarinyar yanzu tana sakandare, gashinta mai kitso ma kuka take da shi. Labarin ya zama abin dariya a dangi, ni ma nakan yi. Amma Inna ba ta koma yadda take a gidana ba. Matar da ta raine ni, wadda take shiga ɗakin girkina ba sallama, yanzu zama take a tabarma kamar baƙuwa. Na yi lallashi har na gaji.

Zuwanta na bara ina kwance da zazzaɓi, ta ce za ta yi mini miya. Can sai ga ta a bakin ƙofa da robar gishiri a hannu.

"Wannan na girki ne," ta ce, "ko na malam ne?"